Ranakun da Abdulgafar Ba Ya Cin Abinci

Assalamu alaikum 'yan uwana masu bibiyata. Duk wadda ta bar tukunya bisa wuta ta je ta rage itace ta dawo, don abin da ya same ni makon nan ba a jin shi a tsaitsaye.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu, sunana Suwaibatu. A Kankara aka haife ni, a nan kuma nake aiki a asibiti, sashen masu tsara wa marasa lafiya abinci. Idan likita ya gama rubuta magani, mu ake turo wa mutum mu gaya mashi abin da zai ci da abin da zai ɗaga wa ƙafa. A unguwarmu ba wanda ya damu da sunan aikin. Likitar tuwo suke ce mani, kuma na daina jin haushi tun ranar da na ji Baba ma ya kama.

Sai shi, Abdulgafar. Malamin gona ne, ɗan Ruwan Godiya, yana aiki a Faskari. A motar Funtuwa muka haɗu, ya hau a Mairuwa, kafin ya sauka Sheme ya san sunan unguwarmu da sunan Baba, ni kuwa ban san lokacin da na faɗa ba. Wata huɗu ke nan yana zuwa zance, Laraba da Lahadi, babu fashi. Ya yi la'asar tare da Baba a masallacin ƙofar gida, mu zauna a falo, kafin biyar da rabi ya kama hanya, don kun san hanyar Sheme ba a yi mata yamma.

Dogo ne, baƙi, siriri. Kullum cikin babbar riga, ko da ana zafin da kaza ke buɗe baki. Ga turare kamar a shagon ya kwana. Ga natsuwa, ga iya magana. Wallahi ina son shi, ba zan tsaya yi maku kwana-kwana ba.

Matsalar guda ce. Mutumin nan bai taɓa cin ko loma ɗaya a gidanmu ba.

Da farko Inna ta yaba. Ta ce yaro mai kunya, ɗan gidan mutunci, ba irin waɗanda ke suɗe kwano a gidan surukai ba. Aka yi wata guda, ta yi mashi waina da miyar taushe. Ya buɗe, ya ce ma sha Allah, ya rufe. Ta yi ɗanwake da man gyaɗa da yaji, haka. Ta aika aka samo mata nono mai kyau ta dama fura da hannunta, ya ɗaga ludayi ya mayar. Ko lemon kwalba ba ya fasawa. Ruwa kaɗai yake kurɓa, shi ma kamar mai shan magani.

Ni kuwa kun san ni da bin diddigi. A bayan littafina na aiki har shafi na ware mashi. Na rubuta olsa, na sa alamar tambaya. Na rubuta ciwon suga. Na rubuta ciwon haƙori. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, na rubuta: ko wata ce ke cika mashi ciki kafin ya taso? Na tambaye shi ya fi sau goma. Wata rana ya ce ya ƙoshi, wata rana ya ce bai daɗe da ci ba, wata rana ya yi dariya ya ce, “Likita, ganinki ma ai abinci ne.” In yi fari da ido in bar maganar, alhali ina kallon wuyan rigarshi yana ƙara yi mashi yawa.

To, Larabar nan da ta wuce ne tura ta kai bango. Na fito da tire daga falo, Inna na zaune bisa tabarma tana gyaran zogale. Ta ce in buɗe. Na buɗe. Shinkafa da wake na nan yadda ta zuba, har shatin cokalinta bai goge ba.

“Yau kuma mi ya ce?”

“Wai azumi yake, Inna.” Ƙarya na yi mata, Allah ya yafe mani.

“Azumi? Na Litinin da Alhamis muka sani. Na Laraba da Lahadi wane malami ya ba shi?” Ta ture farantin zogalen gefe. “Ke, ni ba yarinya ba ce. Yaron nan tsoro shikai kada mu barbaɗa mashi wani abu. Mu za ya ɗauka masu asiri? In ba haka ba, to ƙyamar hannuna shikai. Ɗayan biyun ne, kuma ko wanne ne ba za ya zauna da ɗiyata ba.”

“Haba Inna, wallahi ba haka yake ba.”

“To yaya yake? Ke da ake biya albashi don ki sa mutane cin abinci, naki ya gagare ki?”

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Baba yana alwala a bakin rijiya, duk ya ji. Shi ba mai yawan magana ba ne. Ya ɗauki butarshi ya dubi Inna ya ce, “Lahadi ki yi mashi dambunki, Hajiya. Ni da kaina zan ce ya ci. In ya ƙi, sai in ba shi haƙuri ya nemi gidan da ya yarda da su.” Ya sa takalmi ya fita, ya bar ni riƙe da tire.

Ku riƙe wannan, mu koma wajen aiki, don can abin ya fashe.

A makon ne aka shirya mana bita ta kwana biyar kan yadda ake ciyar da masu ciwon ciki da hanji. Mu ashirin da 'yan kai, daga Kankara da Faskari da Sabuwa, aka tara mu a wani ɗakin taro mai fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa. Wadda ta zo koyar da mu daga Katsina, Hajiya Nana Khadija, 'yar gajeruwa ce mai tabarau rataye da igiya, ta shekara talatin a aikin. Ranar farko ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce kowa ya miƙe ya ce “kashi” da ƙarfi. Jama'a, ga maza ga mata, ga masu furfura! Aka yi tsuru-tsuru. Ta ce, “Wanda ba zai iya faɗin sunan abin da ke fita ba, ba shi da hurumin tsara abin da ke shiga. Ku faɗa mu wuce wurin.” Muka faɗa, ana ta ƙunshe dariya cikin hijabi.

Wallahi na ƙaru da matar nan. Ashe madarar da muke ta ɗura wa masu olsa lafawa kawai take sa ciwon ya yi na ɗan lokaci, ba warkarwa ba. Ashe da yawan masu olsar ƙwayar cuta ce ke cin su, magani suke bukata, ba a hana su komai a bar su da kunu har su rame ba. Ta yi mana faɗa kan jiƙon kanwa da ake sha kullum don kumburin ciki. Ta koya mana bambance mai cushewar ciki da ke bukatar ganye da ruwa, da wanda ganyen zai ƙara wa wahala. Abin da ta fi nanatawa shi ne yadda ake tambaya. “Kada ki ce wa mutum me kake ci, zai ce maki komai. Ce mashi jiya da safe me ka ci, ƙarfe nawa, a ina, kai da wa. Ranar da bai ci ba ita ma ki tambaya ina ya je.”

Ranar Alhamis ta fito da wata 'yar jaka ta roba mai baki zagaye, ta ce a zagaya da ita kowa ya taɓa. Ta ce akwai waɗanda taifot ke huda wa hanji. Idan an yi masu tiyata, wani lokaci ba a iya haɗe hanjin nan take, sai a fito da bakinshi ta gefen ciki, a manna wannan jaka, bayan gida ya riƙa zuba ciki. Idan mutum ya murmure ya yi ƙarfi, sai a sake aiki a mayar da hanjin, ya koma kamar kowa. Asma'u, ƙawata 'yar Damari da muke zama kujera ɗaya, ta riƙe jakar da yatsu biyu ta ce, “Innalillahi! Mutum na yawo da wannan a cikin mutane?”

Hajiya ta ce, “Yana yawo, yana sallah, yana noma. Wataƙila kin taɓa zama kusa da shi a mota.”

Ta lissafa mana abincinsu. Farar shinkafa mai laushi, tuwon shinkafa, dankali, ayaba, farin burodi, nama mai taushi, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana, a tauna sosai. Gishiri ya ɗan fito, a riƙa shan ruwan gishiri da sukari, don ruwan jikinsu na saurin ƙarewa. Abin tsoro kuwa su gyaɗa da ba a niƙa ba, masara, aya, kabeji ɗanye, zogale mai itace-itace, don suna iya toshe bakin hanjin a kwashi mutum ranga-ranga. Lemon kwalba da wake kuma iska suke tarawa, jakar ta kumbura ta yi ƙara. Na rubuta duka tsaf, ina ta mamakin ikon Allah. Ko kusa ban kawo kowa a raina ba.

Juma'a, ranar rufewa, kowane asibiti ya kawo labarin majinyaci guda da ya gagare su, ba suna, ba gari, a tattauna. Malam Sha'ibu na ɓangaren Faskari ya miƙe ya haska takarda a majigi.

“Namiji ne, shekara talatin da ɗaya, ma'aikaci, ba shi da aure. Wata takwas da yi mashi aikin taifot, yana da jaka. Sau biyu ana sa ranar mayar mashi da hanji ana ɗagawa, saboda ya ƙi yin nauyi. Likita ya ce sai ya ƙara kilo shida. Mun ba shi littafi ya riƙa rubuta abin da ya ci. Ga shi nan, ku taya mu gani.”

Na ɗaga kai. Litinin shafi cike: shayi da burodi, shinkafa, ayaba, tuwo. Talata cike. Laraba, layi ɗaya: ruwa. Alhamis, Juma'a, Asabar, cike. Lahadi: ruwa. Mako na biyu haka. Mako na uku haka.

“Tun daren Talata yake ɗauke ci,” in ji Malam Sha'ibu, “sai ya wuni Laraba cur. Ranar Alhamis ya zo mana a bushe, ido ya faɗa, sau biyu har ƙarin ruwa muka yi mashi. Mun ce azumi ne, ya ce a'a. Abin da ya tara a kwana biyu, sai ya zubar a kwana ɗaya.”

Aka fara hasashe. Wani ya ce ko ranar kasuwa ce. Asma'u ta ce ko wani mai maganin gargajiya ne ya gindaya mashi sharaɗi. Hajiya ta sa tabarau ta ce, “Tun yaushe ya fara?”

“Wata huɗu ke nan. Kafin nan yana ta murmurewa lafiya lau.”

“To mutumin nan akwai inda yake zuwa,” in ji Hajiya. “Wuri ne da yake jin kunyar jakar ta yi ƙara ko ta cika a gaban mutane. Da yawansu haka suke yi, su hana kansu ci kafin su fita. Ba su san cikin da ba komai ya fi tara iska ba. Ku nemo inda yake zuwa Laraba da Lahadi.”

'Yan uwa, biron da ke hannuna ban san ya faɗi ba. Babbar riga cikin zafi. Turaren nan. Yadda yake zama a karkace, hannunshi na dama kullum bisa cikinshi kamar mai gyara aljihu. Yadda yake zabura ya ce zai tafi ana tsakiyar hira mai daɗi. Ana can ana neman inda yake zuwa, ga inda yake zuwa zaune a layi na uku da shuɗin hijabi.

Abin da ya fi tsaya mani a wuya shi ne wata huɗun nan. Yana warkewa abinshi, sai ya haɗu da ni.

Asma'u ta taɓa ni. “Ke lafiya? Kin yi wani iri.”

“Zafi ne,” na ce.

Da aka tashi cin abinci na bi Hajiya har bakin mota. Na yi ta murza gefen hijabi kafin na ce, “Hajiya, idan mutum yana zaton ya gane majinyacin da aka kawo labarinshi fa?”

Ta cire tabarau ta dube ni sama da ƙasa. “Ɗan uwanki ne?”

Na sunkuyar da kai.

“Au. To.” Ta mayar da tabaraunta. “Shi ya sa nake ce masu su rage bayani, yankin nan kowa ya san kowa. Saurara, 'yata. Abin da kika gani a majigin nan amana ce. Ba na uwarki ba ne, ba na ubanki ba, ba na ƙawarki ba. Kada kuma ki je wurin Sha'ibu neman suna, ba zai faɗa ba, in ya faɗa ni zan kai ƙararshi. Amma karatun da na ba ki naki ne, ba wanda zai hana ki girki da shi. Sauran ki bar wa mai ciwon ya faɗa da bakinshi.” Ta buɗe mota, sai ta juyo. “Ke dai ki fara tambayar kanki ko za ki iya. In ba za ki iya ba, kada ki sa ya tona kanshi a banza.”

Da yamma na zauna bakin gado da waya a hannu. Na tambayi kaina kamar yadda ta ce. Ba zan yi maku ƙarya ba, na tuna jakar nan a hannun Asma'u, tsigar jikina ta tashi. Na ji haushinshi kuma, wata huɗu yana kallon idona yana ɓoye mani. Sai na tuna shafin nan mai layi ɗaya, na ga mutum cikin motar haya tun daga Faskari, ciki ba komai tun jiya, don kawai ya zauna awa ɗaya da rabi a falonmu. Sai ga hawaye.

Saƙonshi ya shigo. “Likita, an gama bita? An ba ku satifiket ko sai mun yi zanga-zanga?”

Na rubuta, “An ba mu. Malam, yau me ka ci da rana?”

“Tuwon shinkafa. Bincike aka fara?”

“Jibi fa, me za ka ci kafin ka taso?”

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake, ya tsaya. Can sai ga shi: “Allah ya kai mu jibin.”

Asabar na wuni ina lallaɓa Inna. Dambunta kuwa duk unguwa an san shi: tsakin shinkafa, zogale, kabeji, soyayyar gyaɗa a barbaɗe a sama, ga albasa ga man gyaɗa. Wato duk abin da Hajiya Nana Khadija ta ce a kiyaya, Inna ta tara a kwano ɗaya.

“Inna, ki bar ni in yi mashi girkin gobe. Ai ni zai aura.”

“Yo da wa ya ce ni za ya aura? Ki dafa naki. Nawa dai sai ya shiga falon nan, don nawa ya raina.”

“Ko a rage gyaɗar da zogalen?”

Ta yi mani wani kallo. “Dambu ba zogale? Ke wace irin bita suka yi maku?”

Kalma biyar za ta kashe maganar nan, amma ba tawa ba ce da zan faɗa.

Lahadi na sa atamfata ruwan goro, ɗinkin riga da zane, na yafa farin mayafi. Na dafa farar shinkafa har ta yi luguf, na yi romon kaza ba yaji, na zare ƙashi na yayyanka naman ƙanana. Na ɗora ayaba biyu a gefe. Na haɗa ruwan gishiri da sukari a jug, na sa a randa ya yi sanyi. Inna ta leƙa tukunyata ta taɓe baki. “Wannan ai abincin mai jego ne.”

Bayan la'asar na ji muryarsu a zaure. Baba ya rako shi har ƙofar falo, abin da bai taɓa yi ba. Ina jin shi ya ce, “Malam Abdulgafar, yau Hajiya ta yi maka dambu da hannunta. Ina so ka ci. Gidan da mutum ke neman iri ba ya ƙin abincinsu.” Ya juya ya koma zaure.

Na shiga da tire, kular Inna da tawa a kai. Yana zaune a karkace cikin babbar riga ruwan toka, leɓɓanshi sun bushe har sun yi fari. Muka gaisa. Ya dubi kulolin biyu ya ce, “Wanne ne na Inna?”

Na nuna. Ya jawo ta, ya buɗe. Na ga idonshi ya sauka kan gyaɗar. Ya san abin da za ta yi mashi, wallahi ya sani, a fuskarshi na gani. Amma ya yi bismillah ya cika cokali.

Ban san lokacin da na riƙe bakin cokalin ba. Dambu ya zube bisa ledar ɗaki.

“Ba wannan ba,” na ce. “Gyaɗa da zogale ba za su wuce ba. Ga naka nan.”

Na buɗe tawa kular. Ya dubi shinkafar, ya dubi ayabar. Na zuba mashi ruwan jug a kofi, ya kurɓa, ya ji gishirin. Sai ya ajiye kofin a hankali, ya kafa wa ƙasa ido.

“Wa ya gaya maki?”

“Ba wanda ya faɗi sunanka. Ba wanda ya san na sani. Karatu aka yi mana, na haɗa da abin da idona ke gani.”

Da ya buɗe baki, muryar ba tashi ba ce. “Na so a mayar da hanjin tukuna, in zo maki kamar kowa. Kullum sai in ce saura wata ɗaya. Suwaiba, wace mace za ta zauna da mutum ta ji cikinshi na ƙara a gefen riga?”

“Shi ya sa kake wuni da yunwa?”

“In ban ci ba, ba abin da zai fito.”

“Malam, yunwar ce ke hana a yi maka aikin. Kana zuwa wurina kana ramewa, ni kuma ina nan ina zargin wata ce ke ciyar da kai.”

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. Na tura mashi farantin. “Ci. Kaɗan-kaɗan, ka tauna sosai.”

Ya ci. Ina ƙirgawa a zuci, cokali bakwai da rabin ayaba. Ana cikin haka sai abin da yake gudu ya faru, wata 'yar ƙara ta fito daga ƙarƙashin rigar, gurrr. Ya daskare, cokali a sama. Ni kuwa na ƙara mashi romo na ce, “Gishirin ya ji, ko in ƙaro?” Ya dube ni, idonshi ya kawo ruwa. Ya ce ya ji.

Labule ya motsa. Inna ce, ta kasa haƙuri. Ta dubi kularta cike, ta dubi dambun da ya zube a ƙasa, ta dubi farantina da aka ci rabi.

“To, madalla. Nawa ne dai ba a ci. Har zubarwa aka yi.”

“Inna, ni ce na…”

Abdulgafar ya zame daga kujera ya durƙusa. “Inna, ki gafarce ni. Ba raini ba ne, ba kuma zargi ba. Ina roƙon a kira Baba, akwai abin da ya kamata in faɗa tun ranar farko.”

A gabansu ya faɗa duka, bai rage ba. Taifot ɗin, aikin, jakar, ɗagawar da aka yi sau biyu. Ni ina rakuɓe bakin ƙofa kamar in nutse. Inna ta dafe ƙirji tana salati. Da ya gama ta ce, “Yanzu nan, a cikin rigar nan?” Ya ce e. Ta ja baya taku ɗaya. Na ga ya gani.

Baba ya juyo gare ni. “Ke kin san da wannan?”

“Shekaranjiya na gane, Baba.”

“Kuma kika shiga kicin kika yi mashi girki.”

“E, Baba.”

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, “Malam Abdulgafar, ɓoyewar ba ta yi mani daɗi ba, amma ciwo ba kai ka sa wa kanka ba. Ga hukuncina. Daga yau kada in ƙara ganin ƙafarka a gidan nan, ba Laraba ba Lahadi, sai an yi aikin nan an gama. Zuwanka ne ke kashe ka. Ranar da likita ya sallame ka, ka turo manyanka. Tashi ka kama hanya, rana ta yi sanyi.”

“Malam!” in ji Inna, ta juya ga Baba. “Manyanshi? In kuma aikin bai yi ba fa? Ɗiyata za ta ƙare rayuwarta tana wankin…”

“Hajiya, ya isa.”

“Bai isa ba. Wallahi da sauran magana.” Ta ɗauki kular dambunta ta fita, ko kallona ba ta yi ba.

Ban samu na raka shi ba. Ta taga na hango bayan babbar rigar har ya sha kwana. Na koma ɗaki na zauna da atamfar a jikina. Ina jin Inna a tsakar gida tana buga kwanoni, tana cewa gobe da sassafe za ta aika a kira mata yayyenta. Tambayarta kuma ta bi ni har ɗaki ta zauna, don ni ma'aikaciyar asibiti ce, na san ba kowane aiki ke tafiya yadda ake so ba. Kilo shida, ga uwa ta juya baya, ga shi an hana ni ganin shi. Na ji tsoro, 'yan uwa, tsoro sosai.

Ana gab da kiran magariba waya ta yi ƙara.

“Likita, na iso Sheme lafiya. Yunwa nake ji. Ga mai masara, ga mai tsire, ga mai shayi. Me zan saya?”

Na goge idona da gefen mayafi na rubuta, “Ka wuce mai masara ko kallonshi kada ka yi. Farin burodi da ƙwai biyu, shayin kada a cika sukari. Ka zauna ka ci a nan, a gaban mutane.”